Takalmin Hagu

Litinin, 3 ga Maris
Likita ya ɗaga hoton ƙuguna, ya sa biro ya zagaye ƙarin da ya fito min a ƙashi. Za su yanke ƙashin da ya ci, su sa ƙarfe, su bar min ƙafar. Amma in sun buɗe suka tarar ya kama jijiya, ƙafar hagu ta tafi ke nan. "Ba zan yi maka alkawari ba." To, bai yi min ƙarya ba dai. Da ƙafar nan na tsufa ina taka kulocin babbar mota, ina jan kayan mutane a ƙasar mutane. Kamfani ko waya bai yi min ba.

Talata, 4 ga Maris
Maman yara ta kira. Na ce mata ciwon baya ne. Daga can me za ta iya?

Laraba, 5 ga Maris
Na gadon kusa da ni wani tsohon tela ne, ciwon suga ya cinye masa ƙafar dama. Bakinsa ba ya hutawa. Ya auna ƙafata da ido, wai, "Direba, lambarmu ɗaya. In sun cire taka, mu riƙa sayen takalmi tare, kai dama, ni hagu." Ɗaki ya ɗauki dariya. Na jawo na hagun daga ƙarƙashin gado na wurga masa. "Riƙe tun yanzu, Baba." Ya ɗauka ya ajiye. Ban kyauta ba, na sani.

Juma'a, 7 ga Maris
Gobe ne aikin.

Talata, 11 ga Maris
Tana nan. Sai ɗaga bargo nake ina dubawa.

Asabar, 22 ga Maris
Tana nan, amma ta gajarta, kuma ba ta jin magana. Kamar icce aka jingina min. Likita ya ce babbar mota kam sai haƙuri. Aikinsa ya yi kyau, ba na musu. Kowa sai barka. Barkar me? Tela kaɗai bai ce min barka ba.

Litinin, 24 ga Maris
Mai koya tafiya ta kawo ƙarfen dogarawa. Wai ba a taka tayil ba takalmi, santsi. Na ce ba ni da na hagu. Har daɗi na ji da na samu hujja.

Alhamis, 27 ga Maris
Na farka na ga takalmin a kan kujera, an goge shi, an ƙara masa tudu a ƙasa. Ashe tela ne ya tambayi mai koya tafiyar yawan gajartar, ya ba 'yarsa ta kai gyara. Ko kallona bai yi ba. "Yana matse ni, Direba. Na fasa haɗin gwiwar."
Na sa. Na kai bakin ƙofa, gumi sharkaf. Don kar wahalar tsoho ta tafi a banza ne kawai.
Na faɗa wa maman yara gaskiya. Ta yi faɗa sosai, tana da gaskiya.
Gobe taga nake so in kai. Ba wani abu ba, an ce ana hango titi daga can.