Hasken da Ya Zama Ƙura

Zuwa ga yayana Nizar,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Baba, da Rasiya da yara? Ni nan Ladakh, a kan tsaunin da muke hangen taurari, lafiya lau. Haɓon da tsayin wurin ke sa ni ma ya ragu, sanyi kuwa an saba.

Ka tuna hasken nan da na hango kewaye da wani garken taurari maƙwabcin namu garken da duniya ke ciki, wanda nake digirina a kansa? Jiya malamina, Farfesa Raghavan, ya ɗora hotona a kan na na'urar da ke ganin ɗumin ƙura, suka dace tsaf. Ya ce, "Shahana, hasken nan ba nasu ba ne. Ƙurar garkenmu ce ta shiga tsakani. Sai haƙuri."

Kada Baba ya ji tukuna, tunda ya gama ba da labarina a masallaci. In an samu mai zuwa, aiko min man kwakwa, hannuwana sun farfashe.

Yaya, hasken nan ne ya tsare ni har ƙanƙara ta rufe hanya, aka binne Umma ban gan ta ba. Allah Ya jiƙanta.

Ƙanwarka,
Shahana