Akwatina Na Ba Ka Aro

Zuwa ga mijina Kenna, a kabarinsa.

Gaisuwa mai yawa. Yaya kwanciya, yaya mutanen can? Ina fata ciwon bayan nan bai bi ka ba. Mu nan lafiya, in ban da ɓacin ran da ka bar mini gado. A cikin kaskon gurasarka nake rubuta maka, don na san ko ba ka karanta komai ba, sai ka leƙa inda abinci yake.

Sarkinka ya mutu, Kenna. Wanda ka ce ɗan Rana ne, ka kwashe mu daga birninmu Waset muka biyo shi wannan fako na Ahetaton, ka hana ni ambaton ubangijinmu Amun ko da na yi tuntuɓe. Wani ya ɗan ɗana kujerar, kafin mu iya faɗin sunansa ya bi shi. Yanzu yaro ne a kai, sa'ar jikarka Baketi, shi ma da giɓi a baki. Manya sun canja masa suna, sun ce Aton, Ranar nan da kuke bauta wa, ya yi ta haskensa a sama, ƙasa ta Amun ce. Fada ta tashi, kowa yana ɗaure kayan komawa Waset.

Ɗanka Minnakti ya cire ƙofar gida da azarar ɗaki ya kai bakin kogi. Azara ta sami wuri a jirgi, ubansa bai samu ba! Wai mai jirgin ya rantse ba zai ɗauki akwatin gawa mai sunan Aton ba, sojoji na bincike a mashigar Waset. Wai ka huta inda kake. To wa zai kawo maka gurasa da giya? Kai ne ka ce matattu za su riƙa ci daga teburin Aton. Na je na gani, awaki ne kwance a kai.

Ka shiga mafarkin ɗan nan naka ka murɗe masa kunne. Aiki ɗaya ke nan na taɓa sa ka tun da ka mutu. In ka ƙi, yunwa za ta ci ka har abada, kuma kada ka zo mini da kuka.

Baketi na gaishe ka, ta ce har yanzu kai ne mijinta, ni dai 'yar rakiya ce. Na ce ta zo ta ɗauka, ba na so.

Taka,
Hanuti

Zuwa ga Kenna, raggon maza.

Ina gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba. Ina fata kana lafiya. Ai lafiyar ce ta sa ka tsallake ɗakin Minnakti ka faɗo mafarkina, kana tambayar ko akwai sauran giya. Da rai ba ka iya yi wa yaron nan faɗa ba, a mace ma haka?

To na yi da kaina. Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba: ina da akwatin gawa na kaina. Lilin da na yi shekaru ina saƙawa, kana cewa ina ya shiga, wurin kafinta ya shiga, da shi na biya. Katako mai kyau, da fuskata a murfi, ya ma rage mini hanci, ga addu'ar Osiris sarkin matattu a gefe yadda iyayenmu suke yi. A rumbun maƙwabciya ya zauna duk zamanin sarkinka. Mai jirgi ya gani ya yaba, ya ce tsohuwa mai shirin tafiyarta ba a hana ta wuri.

Jiya na tsare ɗanka a gaban matarsa. Na ce ko ya sa ubansa a ciki, ko in shiga da kaina yanzu ya rufe, ya gaya wa mutanen Waset yadda aka yi. Har na ɗaga ƙafa ɗaya. Ya yi ta rantsuwa zan sa a kashe mu duka, sannan ya tafi neman fatanya.

Saboda haka gobe za a zo a ɗauke ka. Za ka shiga Waset da gashin mace da 'yan kunne, sojoji na yi maka sannu Iya. Kada ka kuskura ka yi fushi. Ni ce mai fushi. Idona ya mutu, ba zan sake saƙa wani lilin ba, ba ni da akwati ke nan, duk saboda kai da Ranarka.

Na riga na gaya wa Minnakti, ranar da tawa ta zo a buɗe a sa ni a ciki. Sunana ne a jiki, aro na ba ka. Ka fara koyon kwanciya a gefe ɗaya tun yanzu.

Matarka, mai akwati,
Hanuti