Ba Aljanun Ruwa Ba Ne, Inna

Assalamu alaiki Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yalwata shi. Na san wannan takarda ba za ta iso ki ba. Ko da kina raye ma sai an nemo mai karanta miki, ke kuwa ki riƙa katse shi kina tambayar ko na ci abinci. To na ci, Inna. Har ƙiba na yi.

Garinmu Ruwan Gizo lafiya lau. Shinkafar rani ta yi kyau bana. Jikarki Saratu tana nan tana aikin jinya a Talata Mafara, baki kamar naki, ba ta raga wa kowa. Tsamiyar ƙofar gida ta faɗi da damina, amma ba ta taɓa kowa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin tuna shekarun da ake haƙa dam ɗin Bakolori, kina soya ƙosai ina kai wa lebura a bakin kanal, magudanar ruwan noman rani? Ina 'yar shekara tara. Rana ɗaya na dawo na daina magana, na daina kusantar ruwa, ko randa aka buɗe sai jikina ya ɗauki rawa. Gari ya ce injinan kamfani sun tashi aljanun ruwa daga gidajensu, ɗaya ya faɗa kaina. Daga nan aka laƙaba mini Ta-ruwa. Rubutun da kika ba ni na sha ya isa ya cika tulu goma. Hayaƙi kuwa, har yau in na ji ƙamshin turaren nan sai in waiga in ga ko ke ce.

Inna, ba aljani ba ne. Mutum ne. Shugaban leburan nan da kike cewa in fara kai wa kwanonsa saboda yana gaishe ki da ladabi, shi ne ya ɓata ni a bayan tulin ƙasa, kuma ba sau ɗaya ba. Ya ce in na faɗa wa wani, ruwan dam zai zo ya cinye ki. Na yarda. Me yarinya ta sani? Na kama bakina don in tsare ki. Da na girma na gane ƙarya ce, sai wani tsoro ya maye gurbin wancan: in na faɗa, za ki ce ke kika aike ni, ki kwanta ciwo. Haka na yi shiru har kika cika a kan gadonki, da tsufanki, ruwa bai taɓa ki ba.

Saratu ce ta gano ni. Bara ta ga na ƙi zuwa sunan 'yar Yaya Sani a Dosara don kawai hanya tana bin gefen kanal. Ta zaunar da ni, ta tsare ni da ido irin naki, ban san lokacin da maganar shekara arba'in da wani abu ta fito ba. Ta yi kuka, na yi kuka, sannan ta ce wannan ciwo yana da masu maganinsa.

Ta kai ni Gusau wajen wata likitar ƙwaƙwalwa. Na yi fushi a mota, na ce ni ba mahaukaciya ba ce. Da muka shiga sai na ga yarinya ƙarama da tabarau, na haife ta har da ragi. Na miƙa hannu ina jiran allura, ita kuwa ta ba ni kujera da ruwan sha. Magana kawai, Inna! Na ce a raina an ɓata mana man mota. Amma zuwa na uku ta faɗa mini abin da ban taɓa ji ba: yarinya 'yar shekara tara ba ta da laifi, laifin duka na babban ne. Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Da na dawo na tambayi Malama ta Islamiyyarmu a asirce, ita ma ta ce haka yake a wurin Allah. Ranar na ci tuwo malmala biyu.

Ba zan ce miki komai ya tafi daidai ba. Akwai makon da na ƙi komawa, na kwanta ina jin haushin kowa, har ke. Me ya sa ba ki tambaye ni wa ya taɓa ni ba? Na faɗa wa likita haka ina jin kunya, ta ce ana iya jin haushin mutum ana kuma son sa. Haushin ya yi kwanakinsa ya wuce.

Sai likitar ta ba ni aiki: in riƙa matsawa kusa da kanal kaɗan-kaɗan. Makon farko daga gindin kuka na hango shi. Na biyu na kai gonar albasar Yaya Sani. Ta ce in zuciyata ta fara bugawa, in ɗora tafin hannu a ƙirji in ja numfashi a hankali har ta lafa. Inna, dariya ta ƙwace mini a ofishin nan. Ashe ba abin da kike yi mini ke nan ba, in na firgita ki ɗora hannunki a ƙirjina kina tofi har in natsu? Ita ta yi shekaru a jami'a kafin ta koyo, ke kuwa a bakin murhu kika samo naki.

Juma'ar da ta wuce, da hantsi, na isa bakin ruwan. Saratu tana riƙe da mayafina. Na sa ƙafar dama, na sa ta hagu, sai santsi ya kwashe ni na zauna daɓas a ciki. Takalmina ɗaya ya bi ruwa ya nufi Bakura. Mata masu wanki suka yo kaina suna salati, ni kuwa ina zaune ruwa har ƙugu ina ta ƙyalƙyala dariya. Ruwa ne kawai, Inna. Sanyi gare shi.

Shi ya sa na ce bari in faɗa miki. Ke ba ki aike ni wajen mugu ba, ƙosai kika ba ni in sayar mu ci abinci. Ba ki san sunan ciwon ba, amma ba ki taɓa daina nema mini magani ba. Ban riƙe ki da komai ba, ke ma ki yafe mini shirun da na yi miki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sada mu a Aljanna. An ce can ma akwai ƙoramu, to kada ki damu, zan iya zuwa.

Ɗiyarki,
Hajara Ta-ruwa, wadda yanzu ta ci sunanta.