Ƙaryar da Na Rubuta a Shafi na Huɗu

Zuwa ga Fanta, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, 'yar Baffa Manu ta rugar bayan Tarai. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda kewarki ta ramar, wanda kuma ya tafka abin kunyar da ya hana shi kallon madubi.

Kin tuna kakar da shanunku suka sauka a gonar marigayi Babanmu ta hanyar Fammar? Yadda aka saba tun kakanni: mu bar muku kara, ku bar mana taki, a kai damin dawa ruga, a dawo da ƙwaryar nono. Ni na kawo dawar da hantsi, na tarar da kakarki Inna Saude tana tatsa, tana rera wa kowace saniya waƙarta, tana ambaton uwarta da uwar uwarta har bakwai. Ke kuma kina riƙe da maraƙi, kina yi min dariya don na tsaya baki buɗe kamar baƙo a kasuwar Rano. Wayyo Fanta! Wane irin murmushi ne wannan da har yau nake ganinsa a kan allo ina tsakiyar koyarwa? A ranar na yi wa Inna alkawari zan naɗi waƙoƙin nan kaf, in rubuta su da Fillanci da Hausa, kafin tarin da ke damunta ya cinye muryar.

Shekara uku ke nan ina yawon neman tallafin bincike. Tir da wannan yawo! Kwamitin jami'armu ya ce waƙar shanu ba ta gina gada, ba ta kawo wutar lantarki. Wata gidauniya ta tambaye ni mutum nawa waƙar za ta sama wa aiki. Wata ta ba ni fom mai shafi arba'in, na cike, intanet ta ɗauke, na sake cikewa, suka sallame ni da layi ɗaya. Ni da na karanci adabi har sanƙo ya fara leƙo ni, na koma maroƙi da Turanci, ina yi wa mutanen da ba su taɓa jin ƙanshin kindirmo ba kirari.

Da na gaji sai na kai kukana ga Dakta Abdulganiyyu, wanda a sashenmu ake cewa hannunsa na da sa'ar tallafi. Ya duba takardata, ya yi hamma. Ya ce masu kuɗin nan zaman lafiya ba ya burge su, in dai akwai Bafulatani da manomi a takarda ɗaya, to a sa rikici a take, a yayyafa jini a gabatarwa. Na ja tsaki a gabansa, na fito ina Allah wadai. Bayan sati biyu na zauna na rubuta abin da ya ce.

Ga abin da ke cina, hasken raina. A shafi na huɗu na rubuta cewa a Tarai da Fammar manomi da makiyayi ba sa ga maciji. Na ce waƙoƙin Inna kukan waɗanda aka kora ne. Na ce ni zan zo in sasanta su. Ni! Ni da na girma da tuwon dawar da takin shanunku ya raya? Ni da na ga Baffa Manu ya ɗauki makarar Babanmu a kafaɗarsa tun daga ƙofar gida har maƙabarta, ya ƙi bari a karɓe shi? Da wane baki zan ƙara ce masa barka da hantsi?

Kuma kin san abin takaicin? Sun ba ni tallafin. Ranar Litinin saƙon ya shigo, har da taya murna. Shekara uku ina faɗin gaskiya ana rufe min ƙofa, na yi ƙarya sau ɗaya aka shimfiɗa min darduma. Har suna so in turo hoton mahaifinki riƙe da sanda, fuska a murtuke, su manna a bangon rahoto. Sandar da yake kora 'yan maruƙa da ita! A ofis ana ta rungumata, Dakta yana cewa in sayo lemo a sha. Na ji ƙyamarsu, amma wallahi ƙyamar kaina ta fi yawa.

Jiya na rubuta wa masu tallafin na ce ban karɓa ba, na kuma faɗa musu dalili dalla-dalla. Shugaban sashe ya ce na haukace, ya ce in manta da ƙarin girma bana. Wataƙila gaskiyarsa ce. Ban damu da hukuncinsa ba, naki nake tsoro.

Me ya rage min? Wayata mai fasasshen gilashi, littafin rubutu, da babur ɗin nan da kika ce kukansa na firgita shanu. Da su zan yi aikin, yadda ya kamata in yi tun farko. Ranar Asabar zan taso daga Kibiya bayan sallar asuba. Na sako miki kwafin shafi na huɗu a ambulan ɗin nan, don ba na so ki ji daga bakin wani. Ki karanta, ki karanta wa Baffa, kada ki rage ko kalma ɗaya don tausayina.

Ina roƙonki, ya ke inuwar gawona, ya ke ruwan farko a busasshiyar gonata: idan bayan haka har yanzu ina da wurin zama a tabarmarku, ki ce wa Inna ta jinkirta tatsar jar saniyar nan har in iso. Zan kashe babur tun daga bakin rafi in ƙaraso da ƙafa. Idan kuwa na tarar an gama tatsa, an rufe ƙwarya da faifai, na ji amsarki. Zan durƙusa in gaida Baffa in juya, ba zan dame ki da magiya ba.

Ko an jira ni ko ba a jira ni ba, zuciyar nan taki ce har ranar da za a ɗauki tawa makarar.

Naki mai laifi, wanda bai taɓa yi miki ƙarya ba,
Ubaidullahi
Kibiya