Nonon Habsu

Gure, ran ɗaya ga watan Babbar Sallah, 1350 Hijiriyya

Takarda ta fito daga bakin Yabawa, da alƙalamin Malam Isa, zuwa ga ƙanena Garbai mai kanwa a kasuwar Damagaram. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Mutanen gida lafiya lau. Matarka Habsu tana gaishe ka. Ɗanka Aisami ya fara zama da kansa, kumatu kamar ya ɓoye goro.

Bayan haka, ka san tun shekarar da fara ta cinye gonaki gidana ya koma na marayu. Biyar ka bari, yanzu sun zama shida. Shekaranjiya da hantsi na gangara kwari ɗiban ruwa, na tarar da mata sun kewaye dabinon nan na bakin rijiya, kowace ta riƙe haɓa, ba mai sunkuyawa. Jaririya ce cikin masaki, ko cibiya ba ta faɗi ba. An naɗe ta da tsumma wankakke, an kare mata rana da faifai. Sai cewa suke shegiya ce. Na ce da su shegiya ko 'yar sarki, tururuwa ba ta tambaya, na ɗauke abata. Ni a zatona ta mutanen nan ce da yunwa ta koro suke wucewa kudu. Uwar da ke son ɗanta ya mutu ba ta tsayawa rufa masa faifai.

To ga inda gizo ke saƙar. Biyar ɗin suna cin tuwo, wannan kuwa sai nono, ni kuma ka san Allah bai ba ni haihuwa ba. Ina ɗiga mata na akuya da tsumma, yana wucewa ta ƙasa kamar yadda ya shiga. Ga Habsu katanga ɗaya ce tsakaninmu, nono har jiƙa mata zane yake yi. Ta ce tana so, amma ba za ta yi ba sai da izninka, don Malam ya ce ko tsotso ɗaya yarinyar ta yi, ta zama 'yarka ta shayarwa, ƙanwar Aisami, har abada. Ba gado a ciki, ba ta cin ko dabino ɗaya daga garkarka.

Kalma ɗaya nake nema. Ka ba Barmo mai raƙuma, kada ka bari ya juyo ba ita. Allah ya ba da kasuwa. Haza wassalam.

*

Damagaram, ran shida ga wata

Daga Garbai, da hannunsa, zuwa ga Yayata Yabawa. Gaisuwa da girmamawa da neman albarka. Takardarki ta iso, na karanta har sau biyu. Allah ya saka miki da alheri kan abin da kike yi wa bayinsa.

Ga rago nan na haɗa Barmo da shi, a yi wa marayunki layya, da buhun gero biyu. In da abin da ya fi wannan a hannuna da na aiko.

Amma maganar Habsu, Yaya, ki yi mini haƙuri, ban yarda ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uku na binne: Rakiya, da Mamadu, da wanda bai kai suna ba. Ni na sa su a rami da hannuna, kina tsaye a ƙofar gida kina gani. Aisami ne kaɗai ya kai wata shida. Habsu kuwa ba ta gama murmurewa daga yunwar bara ba, na baro ta ƙashin wuya a waje. Nonon da kike gani ya yi yawa yau, in baki biyu suka kama shi cikin bazarar nan, wa ya san gobe? In ya ƙafe, wane zan binne?

Sannan yarinyar nan ba wanda ya san jininta. Ba na zagin ta, ba ta yi laifin komai ba. Amma a ce ɗana ya tashi ana nuna masa wata a kasuwa ana cewa ga ƙanwarka ta gindin dabino, wannan ba zan ɗora masa ba.

Gure ba ta rasa masu goyo ba. Ki zaga. In ya gagara ki kai ta gidan sarki, ko a gaya wa kumandan, Baturen nan, tunda su ke da ƙasa. Ki gaishe mini da Malam Isa. Allah ya bar mu tare. Haza wassalam.

*

Gure, ran goma sha biyu ga wata

Daga Yabawa zuwa ga Garbai. Gaisuwa, tunda ita wajibi ce. Malam ya ce in sassauta, na ce ya rubuta yadda na faɗa ko in nemi wani alƙalamin.

Ragonka ya iso. Barmo bai bi da shi ta bayan gari ba, sai da ya ratsa kasuwa yana shelar wanda ya aiko, har maroƙa suka biyo shi ƙofar gidana suna kirarin Garbai uban marayu. An yanka, yara sun ci har sun yi maiƙo a goshi, sun yi maka addu'a. Na gode. Sai dai ka manta ka aiko da haƙora, don wadda na rubuto maka dominta ba ta da ko ɗaya. Tana kwance ana suya a kanta.

Ka ce in zaga. Na zaga, ɗan'uwana. Gida goma sha ɗaya na shiga da ita a bayana, da tsakar rana, yashi na cin ƙafata. Ko'ina tambaya ɗaya ce: Habsu fa? In na ce mijinta bai yarda ba, sai a ce to, in ɗan'uwanki uwa ɗaya uba ɗaya ya ga abin gudu, mu me ya kai mu? Aisa matar maƙeri har ta kwance zane ta miƙo hannu, uwar mijinta ta leƙo ta ce, "Ɗaura zanenki. Su fara da gidansu." Ka gani? Ba ƙofarka kaɗai ka rufe ba, na gari duka ka rufe, kana zaune a Damagaram kana auna kanwa.

Ka ce in kai wa kumandan. Nono gare shi? Gidan sarki kuwa an ba ni ƙwaryar gero da addu'a, irin taka.

Ran suna ba wanda ya zo sai Malam. Ya raɗa mata Bintu, muka raba dabino bakwai, shi ke nan. A bakin mutanen garin nan kullum ɗa na kowa ne, amma ran da aka ce a buɗe ƙirji sai kowa ya tuna nasa. Wallahi raina ya ɓaci da su, ya fi ɓaci da kai, don kai ni na goya ka, na san ba haka aka haife ka ba.

Ban manta ukunka ba. Ni na wanke biyu daga ciki. Amma mutuwarsu ba Bintu ta jawo ba, kuma mutuwarta ba za ta tsare maka Aisami ba, mai tsarewa ɗaya ne. Akuyar ta kusa ƙafewa. Kukan yarinyar ya koma kamar na ɗan kyanwa. In ta fara, Habsu takan zauna bayan zana ta toshe kunnuwa da yatsu, gaban zanenta sharkaf, tana hawaye. Wannan ita ce biyayyar da ake yi maka, in kana son ka san kamanninta.

Ina sake roƙonka, ni da ban taɓa roƙon ka ko allura ba. Wassalam.

*

Damagaram, ran goma sha bakwai ga wata

Daga Garbai zuwa ga Yaya Yabawa. Gaisuwa. Ina fata kina lafiya.

Na aiko da abin da na iya, aka mayar mini da baƙar magana. Ba ni na sa Barmo shela ba. Yanzu kuma bakin nan nasa ya watsa sauran labarin a zango, har wani ya tambaye ni jiya a gaban masu saye ko ragona ya fara shayarwa. Da girmana.

Yaya, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ke kika sunkuya kika ɗauka, ba ki shawarci kowa ba, yanzu kina so a biya da ran ɗana. In Aisami ya bi 'yan'uwansa, za ki ce Allah ya kawo, ki ci gaba da tuƙa tuwon marayunki. Ni ne zan koma ɗaki ba kowa.

Abin da kika faɗa na Habsu ya hana ni cin abinci, kuma ba zan bari a ci gaba da gasa ta ba. Na sallami Barmo ya kai ta Bune wurin iyayenta, ita da yaron, washegarin isowarsa. Ta zauna can har in dawo da damina. Kuma Malam Isa ya karanta mata wannan a gabanki, ya zama shaida: in ta sa yarinyar nan a ƙirjinta, a bakin aurenta.

Allah ya ba Bintu mai shayar da ita. Da zuciya ɗaya na faɗa. Haza wassalam.

*

Gure, ran ashirin da uku ga wata

Daga Habsu, da alƙalamin Malam Isa, zuwa ga maigida. Ina gaisuwa, ina neman gafara. Ban taɓa aiko maka da magana ba, ka yi haƙuri in ban iya ba.

An karanta mini takardarka, na ji duka. Na ɗaure kayana. Jiya da safe raƙumi ya durƙusa a ƙofar gida, na shiga yi wa Yaya sallama. Sai na ji gidan shiru. Na ce ina Bintu, ta ce ga ta nan, tun jiya ta daina kuka. Na duba, idonta a buɗe, bakinta yana motsi, ba murya.

Maigida, kuka na iya toshe masa kunne kwana ashirin da wani abu. Shirun ne ban san inda zan toshe ba.

Kada ka ga laifin Yaya. Da na miƙa hannu ita ta riƙe ni, ta ce, "Kin dai ji abin da ya rubuta." Na ce na ji. Da fari yarinyar ba ta iya kamawa ba, sai da na matsa mata a baki. Can ta kama.

Ka ce uku ka binne. Haka ne. Ni kuma sau uku ina zagawa bayan ɗaki ina tatse nono a yashi, yana mini zogi, ba mai sha. Ban taɓa gaya maka ba. Ba zan iya zubar da shi ba alhali ga mai nema.

Ba zan yi maka ƙarya ba, Aisami bai ji daɗin rabon ba, yana ta fitina, na fara ba shi kunu da geron da ka aiko. Ban san gobe ba, ni ma ina jin tsoron da kake ji. Da yamma Aisa matar maƙeri ta shigo, ta karɓi Bintu ta ba ta nata, ta ce tunda an fara da gida.

Ban tafi Bune ba, ina ɗakina. Malam ya ce saki ɗaya ne ya auku, kana da ikon mai da ni kafin idda ta cika. Ya ce zumuncin nono kuwa ba mai kwance shi, ko kai ko alƙali: Bintu 'yarka ce tun jiya.

In ka bar ni, ban ce ka zalunce ni ba. In kuma za ka mai da ni, ka taho da majanyi biyu.

Allah ya huci zuciyarka. Wassalam.