Uwar da Kika Ɗauko Haya

Auta,

Kada ki karanta wannan takarda a tsaye, kada kuma ki karanta ta kina latsa waya da ɗaya hannun. Nemi wuri ki zauna. Faɗa zan yi, kuma ba na son a ji rabi.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya gyambon cikin nan naki? Mu nan lafiya lau. Yayanki da matarsa suna gaishe ki.

Yau shekara biyu da wata uku rabon da ki taka gidan nan. Amma muryarki sau uku take shigowa falona kowace rana, bayan labarai. Ranar farko ina guga na ji kin ce, "Mama, kin auna jininki kuwa wannan watan?" Na amsa na'am har da juyawa wajen ƙofa. Sai wata mata ta riga ni, da murya kamar an zuba mata zuma: "Na auna, 'yar albarka, a shagon mai ɗinki." Kafin in gane rediyo ne, na ƙona rigar filo.

Matar yayanki ce ta yi mini bayani. Wai ofishinku ya lura an daɗe da tabbatar da cewa awon hawan jini da shan magani suna ceton rai, amma mutane ba sa zuwa. Shi ne kuka ari dabarar 'yan kasuwa: a tambayi mai saye abin da yake so, a kai masa kaya inda dama ƙafarsa take zuwa. Kun ajiye abin awo a shagon ɗinki da na aski, kun koya musu, kuka sa talla.

To, ki ji nawa. Lafiya ba sabulu ba ce. Lokacin da muke sakandare malamar kiwon lafiya a allo take rubuta abu, mu kwafa, mu bi, ba wanda ya yi mana kiɗa. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi ciwo. Uwarki tana raye, tana da baki, kika je kika ɗauko uwa haya. Kina kiranta Mama a gaban duniya, ni kuwa sai saƙon layi biyu ranar hutu.

Saboda haka ba zan auna ba. In kina son sanin jinina, ki zo ki ɗaura mini abin da hannunki.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na karanta. Rubutunki ya lalace, kina cinye ƙarshen kalmomi kamar ana korarki.

Kin ce ba za ki samu zuwa ba sai aikin ya kammala. Na ji. Kin kuma ce kun tara mata kun kunna musu tallan, suka ce ƙarya ne, babu uwar da take magana haka. Ai da kin tambaye ni da ba ku wahalar da mutane ba.

Na ji sabon tallan. Yanzu uwar hayar ce take yi wa 'yarta faɗa, wai ta tashi su je tare. Da ta zo ƙarshe sai ta ce, "Ba shawara nake ba ki ba, faɗa miki nake yi." Auta, a bakin wa kika ji wannan? Shekara ashirin ina faɗa muku shi a kan wanke-wanke da aikin makaranta, ashe ajiyewa kike yi. Har tsayawar da nake yi kafin "faɗa" kin koya mata. Yayanki ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ni ban yi ba.

Duk layinmu sun gane. Ranar Talata na kai wa mai ɗinki riga ta rage mini. Ina shiga ta ce, "Ku matsa, ga mai asalin murya ta iso." Shagon ya sauya. Tsakanin kekenta da tulin yadi an sa kujera da ɗan tebur, ga abin awon a cikin jakarsa, ga hoton uwar hayarki a bango tana nuna yatsa. Ko nuna yatsan ba ta iya ba. Mata biyar ne a benci, biyu daga cikinsu ba ɗinki ya kawo su ba.

Da ta gama auna ni da tef sai ta janyo kujerar. Na ce a'a. Ta ce, "Mama, na auna ƙugunki, na auna kafaɗarki, ban taɓa faɗa wa kowa lambar ba. Damtse ne ya zama sirri?" Na ce mata ta kula da allurarta.

Zan faɗi gaskiya, domin ban koya muku ƙarya ba. A gabana aka auna mai sayar da ƙwai, wadda kullum take bugun ƙirji da ƙarfinta. Nata ya hau sosai, mai ɗinki ta rubuta mata takarda zuwa asibiti, kuma ta je. Na yarda abin yana aiki. Wannan bai sauya maganata ba.

Ƙeyata tana ɗan yi mini nauyi da safe, amma filo ne.

Matar yayanki ta ce wai kullum gab da labarai nake tuna goge rediyo. Ƙura ce take yawa a kansa. Kin ɗan rame a murya. Ɗakinki yana nan, na canza labule.

Ki gaida abokan aikinki. Uwar hayar ba sai kin gaishe ta ba.

Mahaifiyarki.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Kafin wani ya riga ni ya ƙara gishiri, bari ki ji daga bakina: na auna.

Ba roƙonki ne ya sa ba, ba kuma na yayanki ba. Mai ɗinki ce ta kawo mini rigata har gida, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a bakin kujera tana murza yatsu, sannan ta ce mata uku sun daina zuwa awo. Suna cewa idan uwar mai tallan da kanta ta ƙi miƙa hannu, to akwai abin da ta sani. Ɗaya daga cikinsu mai ƙwai ce, har maganin ta ajiye.

Ni da nake yi wa mutane wa'azi a kan zama abin koyi, ashe talla nake yi ban sani ba, kuma tallan da yake rushe naki. Fushina da ke ne. Ban yi nufin ya shiga jinin wata ba.

Ranar Asabar na jira lokacin da shagon ya fi cika. Na sa rigar da aka rage, na biya ta rumfar mai ƙwai na ce ta rufe ta biyo ni. Na zauna a kujerar, na naɗe hannun riga da kaina. Abin ya matse ni yana huci. Mai ɗinki ta duba, ta ce in huta minti biyar a sake. Aka sake. Ba ta yi wasa ko ɗaya ba, takarda ta ɗauko.

A asibiti nas ta auna ni ranaku daban-daban, sannan likita ya ce hawan jini ne, kuma ya jima. Ƙwaya ɗaya kowace safiya, a rage gishiri, a riƙa tafiya. Ashe ba filo ba ne.

A takardarki ta ƙarshe kin ambaci marigayi Babanku. Na san dominsa kika shiga wannan aiki, ko ba ki faɗa ba. Ke ce kika ɗauke kofin da ya faɗi daga hannunsa a safiyar nan, ni ce na riƙe kansa. Aka ce mana hawan jini ne, da an auna shi da wuri da an tare abin. Tun ranar ba na son ganin wannan na'ura. Na ce miki sai kin zo ne domin ki zo, wannan gaskiya ne. Amma kuma tsoro nake ji, kuma na fi son in ji lambar kina tsaye a gefena.

Yanzu na saki igiyar da nake jan ki da ita, ba ni da wata. Matan uku sun dawo, har da ƙarin biyu. Ki sa wannan a rahotonki.

Yayanki ya kawo abin awo gida. Na ja layi a kwali na manna bayan ƙofar falo, gida huɗu: ni, shi, matarsa, da ke. Yana gaishe ki, matarsa ma haka, mai ɗinki ta ce a ce miki hoton bango ya kamata a canza.

Ga dokar gidan nan daga yau. Kowace Asabar da safe, kafin a ɗora shayi, kowa zai miƙa hannu a auna shi a rubuta. Ba a kashe rediyo idan tallanki ya zo. Gidanki na kwalin kuwa ba a cike shi ta waya ko ta takarda. Zai zauna fari, ina ganinsa kullum, har ranar da za ki zauna a kujerar Babanku in ɗaura miki da hannuna.

Ba shawara nake ba ki ba.

Mahaifiyarki ta ainihi.