Na Ƙure Musu Sanyi da Katin Yaya Awudu

Assalamu alaikum Admin, da kai da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana. Wanda kuma bakinsa ke ƙaiƙayin zagi ya ɗan yi haƙuri ya karanta har ƙarshe tukuna, don zagin da nake yi wa kaina a 'yan kwanakin nan ya fi duk wanda za ku rubuto. Shawara nake nema da gaggawa, saboda ranar Lahadi mai zuwa za a yanke wa wani bawan Allah hukunci a kan abin da hannuna ya aikata.

Ni mutumin Kaduna ne, ina aiki a wani babban otal a nan Doha, a sashen gyare-gyare. Aikina kula da na'urar sanyaya ɗaki, wato esi. Akwai wani ɗaki a ƙasan otal ɗin inda muke sarrafa sanyin kowane zaure ta kwamfuta, kuma ba ka isa ka taɓa komai ba sai ka zura katinka na aiki, ita kuma ta riƙe sunan mai katin. Abokin aikina zan kira shi Yaya Awudu, ko da yake ba sunansa ba ne. Ɗan Zangon Kumasi ne a Ghana, ya girme ni nesa ba kusa ba, ɗaki ɗaya muke haya a unguwar Muntaza. Lokacin da korona ta kama ni aka killace ni, kowa na gudun ƙofata kamar akwai kura a ciki, mutumin nan ne yake dafa shinkafa da wake ya ajiye min a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa ya ce, "Ƙanina, ka ci, kar ka mutu min a ƙasar mutane." Tun da Ghana ta fitar da mu daga zuwa gasar kofin duniya da za a yi a nan ƙasar kuwa ya hana ni sakat. Kullum sai ya ce, "Ɗan Najeriya, kar ka damu, za mu ara muku kujera ku yi kallo." Alhali shi kansa ya yi neman tikitin wasan ƙasarsu har ya gaji bai samu ba.

Akwai wata al'ada tsakaninmu musulmin sashen. In lokacin sallah ya yi, mai aiki a kan kwamfutar ya bar katinsa a jiki ya tafi, ɗan'uwansa ya zauna masa har ya dawo. Dokar otal ta hana, kora ce kai tsaye in aka kama ka, amma kowa na yi, don amana ce tsakaninmu.

To ana cikin shirye-shiryen ƙwallo, har lokacin ba a daina sa takunkumin fuska a otal ba, sai aka rufe hawa guda sukutum aka cika shi da jami'an tsaro. Ba a gaya mana komai ba, amma wane sirri ne zai ɓuya wa masu kai shayi? Ashe sulhu ake yi a ɓoye. Wata ƙasa ce mai makamin nukiliya, manyan ƙasashe na cewa ta kwance shi ta miƙa, su kuma su ba ta mai da gas da injinan wuta, saboda a can hunturu kisa yake yi, kuma asibitocinsu ma ba su da wuta. Ba zan faɗi sunan kowace ƙasa ba. Ɓangarorin biyu ko zaure ɗaya ba sa zama, kowa da nasa, masu shiga tsakani ne ke ta kaiwa da komowa.

Ana nan sai mudir ɗinmu, wato shugaban sashe, ya kira ni ofishinsa. Na tarar da wani mutum daga ɓangaren manyan ƙasashen, fes da shi, sai ƙamshi yake yana murmushi. Mudir ya ce, "Zauren waɗancan, masu neman man, kullum bayan cin abincin rana ka ƙure musu sanyi. In sun yi ƙorafi ka je ka yi kamar kana gyarawa." Na ce, "Ranka ya daɗe, saboda me?" Mutumin nan ya yi wata 'yar dariya, ya ce so suke su tuna musu abin da ke jiransu a gida in suka ƙi sa hannu. Mudir ya ce, "Yalla, maza tafi, tambaya ba aikinka ba ce." Kafin yamma sai ga tikiti biyu na wasan Ghana an turo min a waya.

Jama'a, tikitin ƙwallo fa! Ba bindiga aka ɗora min a ka ba, ba cewa aka yi za a kore ni ba. Tikiti! Har na riƙa yaudarar kaina wai ai Yaya Awudu zan yi wa bazata da ɗaya. Kuma ga inda abin ya fi ƙazanta: babu wanda ya ce in yi da katinsa. Ni na zauna na yi tunani da wannan kan nawa, na ga lokacin da suke so ya yi daidai da azahar. Yana cewa, "Ƙanina, riƙe min, zan je in ga Ubangijina," ya juya baya, sai in danna. Yana can goshinsa a ƙasa, ni ina nan ina ɓata masa suna. Wane irin mutum ne ke yin haka? Ni ne.

Shugaban waccan tawagar wani tsoho ne siriri, kansa fari fat. Ranar da suka yi ƙorafi aka tura ni, ina buɗe ƙofar zauren na ji sanyi ya dake ni kamar na shiga firjin mahauta. Na tarar da su sun ƙudundune cikin kwat, wata mata tana hura hannunta kafin ta iya riƙe biro. Na je jikin bango na yi ta danne-danne a wani maɓalli da na san sarai na riga na kashe shi daga ƙasa, na juyo na ce, "An gyara, yallabai." Tsohon nan ya miƙe tsaye, saboda ni fa, ya ɗan rusuna, ya ce da turancinsa mai ƙyar, "Na gode, ɗana. Kada ka damu, mu mun saba. A garinmu jarirai da riga uku suke kwana a asibiti." Ya ɗauki dabino daga faranti ya sa min a hannu. Na karɓa. Na ci ma! Washegari da azahar na sake dannawa.

A hanyata ta komawa kuwa na wuce ta ɗaya zauren, ƙofa a buɗe. Sun cire kwat sun rataye, an naɗe hannun riga, ana shan gahawa ana ƙyaƙyata dariya, wani yana tambayar mai shayi inda ake sayar da turare mai kyau a unguwar Sadd. Waɗannan su ne wai masu ceton duniya daga halaka. Tir! Ni ban ce waccan ƙasar waliyyai ba ne, wanda ya ƙera makamin da zai shafe gari guda ba abin tausayi ba ne. Amma mutum ya zo neman abin da zai ɗumama jariran ƙasarsa, kai kuma dabarar da ta zo maka ita ce ka gasa masa sanyi? Na tsane su ƙwarai, sai dai duk lokacin da na fara tsine musu sai in tuna su baki kawai suka sa, yatsan nawa ne.

Ba a jima ba tsohon ya fara tari. Ran nan sai ga motar asibiti, aka fito da shi a kan gado an rufe masa hanci da abin numfashi. Otal ya rikice, kowa ya ɗauka korona ce, aka yi ta zura mana tsinke a hanci. Gwaji ya nuna ba ita ba ce, sanyi ne ya kama masa ƙirji. Mutanensa suka tattara kayansu a fusace suka tafi da shi, ba a sa hannu a komai ba. Babu man, babu gas, makamin yana nan inda yake, hunturu kuma yana tafe. Ko tsohon yana raye ban sani ba. Amma kafin su tafi sun shigar da ƙara cewa da gangan aka yi musu, otal ya kira kamfanin da ya haɗa na'urar, suka duba suka ce lafiyarta lau, hannu ne ya taɓa. Da aka bincika mai hannun, sunan Yaya Awudu ne ya fito, kullum, a daidai lokaci guda.

An dakatar da shi. Ranar Lahadi kwamiti zai zauna, kuma kowa ya san ƙarshen zancen: a soke masa biza a sa shi a jirgi, in ma ba a miƙa shi ga 'yan sanda ba. Mutumin da ke da 'ya'ya mata a makaranta da tsohuwa mai ciwon ƙafa. Na ruga wurin mudir na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka san gaskiya." Ya dube ni sama da ƙasa kamar yau ya fara ganina, ya ce, "Wace gaskiya? Wane mutum? Ni ban taɓa kiran ka ofishina ba. Khalas, magana ta ƙare, koma bakin aikinka." Shi kuma mai ƙamshin tuni ya bar ƙasar.

Kun san me Yaya Awudu ya gaya wa masu bincike? Cewa ya yi bai taɓa barin teburinsa ba. Da na dawo ɗaki na same shi yana ɗaure akwati da igiya, na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga min hannu. "Ƙanina, kar ka kuskura ka ce ina bar maka kati. In sun ji, mu biyu za su kora. Kai kana da amarya a gida tana jiran ka ɗauko ta, ni na ci nawa zamanin." Na ce, "Yaya, to wa kake zargi?" Ya ce, "Injin ne mana. Kamfani ba za su yarda kayansu ya lalace ba, sai su ɗora wa baƙin mutum. Kai dai na san ko a mafarki ba za ka cuce ni ba." Wallahi da ya kwaɗa min mari da ya fi min sauƙi. Na shige banɗaki na kulle ƙofa.

Ga halin da nake ciki. In na yi shiru, za a kore shi da tabon da ba nasa ba, ni in ci gaba da cin abinci da wannan hannun. In na faɗa, mudir zai musa, ba ni da shaida sai tikitin da ke wayata, kuma shi ma ni zai kama, ba su ba. Aikina ya tafi, wataƙila har da kurkuku, don wannan ba ƙaramar magana ba ce, ƙasashe ne a ciki. Matata da ko shekara ba mu yi tare ba, da mahaifiyata da ke alfahari da ni a unguwa, me zan ce musu? Kuma ko na faɗa, shi ma ai ya karya doka da ya bar katin, ya kuma yi wa kwamiti ƙarya don ya kare ni. Zai tsira kuwa, ko dai zan ƙona mu ne mu biyu, in kuma ƙara masa da sanin cewa ƙanin da ya ciyar shi ne ya sayar da shi? Ina sallah, amma in na kai goshina ƙasa sai in ga kamar katinsa ne a gabana.

Ɗazu da safe ya ciro rigar ƙwallon Ghana da ya saya tun da daɗewa, ko sau ɗaya bai sa ba, yana ajiyar ta sai ranar wasa. Ya goge ta tsaf, ya ninke, ya ɗora min a kan gado. Ya ce, "Ɗan Najeriya, tunda ba ni nan, kai za ka wakilce ni. Tikiti dai ya gagare mu, amma ko a talabijin ɗin mai shayi ne ka sa ta ka yi min ihu." Yana faɗa yana dariya, wayata kuma tana aljihuna da kujeru biyu a ciki.

Rigar tana nan a gabana, na kasa taɓa ta. Don Allah jama'a, kafin Lahadi, me zan yi?